Yadda za ka kai bayanai daga Excel zuwa Access ka dawo da su lafiya

Har yanzu akwai masu zama su sake buga sunaye dubu biyu da hannu a Access, manhajar Microsoft ta ajiye bayanai a tebura, alhali ga su nan a Excel, kuma abin yana ba ni takaici, don aikin minti biyar ne in ka san inda za ka taɓa. Duk harkar tana ƙarƙashin External Data a saman manhajar Access. Amma kafin ka danna komai ka tsaya ka tambayi kanka me kake so, don Import daban, Link daban. In ka yi Import, Access zai kwafo bayanan ya ajiye nasa, daga nan duk abin da aka canza a fayil ɗin Excel babu ruwansa. In ka yi Link kuwa leƙawa kawai yake yi cikin fayil ɗin, aka ƙara layi a can za ka gani a nan, sai dai ba za ka iya gyara bayanan Excel daga cikin Access ba, karantawa kawai, kuma ranar da wani ya matsar da fayil ɗin zuwa wata folda ko ya canza masa suna to mahaɗin ya tsinke sai ka je Linked Table Manager ka nuna masa sabon wurin. Ni dai shawarata, in aikin zai koma Access ne gaba ɗaya ka yi Import ka huta, in kuma akwai wanda kullum yake cike Excel ɗin to Link ya fi.

Yawancin matsalar tun daga Excel take farowa, shi ya sa gyaran fayil kafin a ɗauko shi ya fi komai muhimmanci. Layin farko ya zama sunayen kolom, kowanne da sunansa, kada biyu su zo iri ɗaya. Duk akwatunan da aka haɗe ka raba su, layukan jimla na ƙasa ka cire, layin da ba komai a tsakiya shi ma ka goge. Tebur ɗaya a Access ba ya wuce kolom 255, in naka sun fi haka dole ka raba.

Sai batun irin bayanin da ke cikin kowane kolom, nan ne ake kuka. Access yana duba layuka 8 na farko ne ya yanke hukunci ko kolom ɗin lamba ne ko rubutu ko kwanan wata. A ce kolom na lambar rajista ne, na sama duk 1001, 1002, 1003, can ƙasa a layi na 400 sai ga 1399B, to Access ya riga ya ɗauka lamba ne, wannan akwatin zai bar shi fanko ya buɗe maka wani tebur mai ImportErrors a sunansa ya rubuta layin da ya ƙi shiga. Don Allah ka buɗe wannan teburin ka karanta, mutane da yawa gogewa kawai suke yi, bayan wata uku a zo ana neman bayanin babu shi. Maganin shi ne lokacin da wizard ɗin, wato akwatin da ke bi da kai mataki-mataki wajen Import, yake nuna maka kolom ɗaya bayan ɗaya ka zaɓi Short Text da kanka ga duk abin da ba lissafi za a yi da shi ba. Lambar waya, lambar akawun, lambar katin shaida, duk rubutu ne. In ka bar su a lamba sifilin farko zai ɓace, kuma Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba ɗaya, abin da ya haura sai ya mayar da shi sifili, wannan kuwa in ya faru aka yi sebin ba ya dawowa. Short Text haruffa 255 yake ɗauka, dogon bayani sai Long Text.

Kwanan wata ma ka sa ido, 03/04/2024 a wata kwamfuta 3 ga Afrilu ne, a wata kuma 4 ga Maris, ya danganta da saitin yankin da ke Windows ɗin. In fayil ɗin CSV ne, wato fayil ɗin rubutu da waƙafi ke raba kolom ɗinsa, ka danna Advanced a cikin wizard ka zaɓi tsarin rana da wata da kanka. A nan ne kuma za ka ga Code Page, ka sa UTF-8, in ba haka ba sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ za su fito da wasu alamomi da ba a gane su.

Fitarwa ta fi sauƙi. Maimakon ka tura tebur gaba ɗaya, ka yi Query, wato tambayar da ake yi wa tebur, da ya tace abin da ake buƙata kawai, ka danna shi, External Data, sai Excel ko Text File ko PDF. In layukan suna da yawa sosai kada ka sa alamar fitarwa da kwalliya (Export data with formatting and layout), don ita tana tsayawa a wajen layi 65,000, kuma ka zaɓi xlsx wanda yake ɗaukar layi 1,048,576, tsohon xls 65,536 ne iyakarsa. In wasiƙu ko takardun shaida za ka buga wa mutane da yawa, Word Merge ka danna, Word zai riƙa ɗauko suna da adireshi daga teburin yana zubawa a kowace takarda.

Aikin da kake maimaitawa duk sati, a ƙarshen wizard akwai Save import steps, ka sa masa alama, gaba Saved Imports kawai za ka buɗe ka danna Run. Kuma kafin ka zuba sabbin bayanai kan teburin da yake da tsofaffi ka kwafi fayil ɗin Access, wato accdb, ka ajiye gefe, don Undo ba ya dawo da wannan. Fayil ɗin Access iyakarsa gig 2, in ka ga yana kusantar haka ka yi Compact and Repair don ya matse fayil ɗin, in bai ragu ba to lokaci ya yi da za a mayar da teburan zuwa babbar manhajar ajiyar bayanai kamar SQL Server ko MySQL, ka haɗa su da Access ta ODBC, wato hanyar haɗa manhajojin bayanai, fom da rahotanninka su ci gaba da aiki a inda suke.