Darasi na Tara: Idan Hoton Kwale-kwale Ya Ƙi Tafiya a Waya

A ajinmu na yamma akwai wani dattijo masunci da ke kamun kifi a Kogin Galma. Kwale-kwalensa ya tsage ta ciki, ruwa na shiga, sai ya ɗauki hoton wurin don ya tura wa masassaƙinsa a Yawuri ta WhatsApp. Kwana biyu hoton na nan bai tafi ba. Da ya miƙo mini wayar, sai na ga ya tura hoto ɗaya har sau bakwai. Na ce, “Baba, kafin ku sake dannawa, bari mu karanta abin da wayar ke faɗa.”

Ku dubi ƙasan hoton, ta hannun dama. Idan kun ga ɗan agogo, hoton bai bar wayarku ba. Maki ɗaya na nufin ya fita amma bai shiga wayar mutumin ba, wataƙila tasa a kashe take. Maki biyu, ya isa. Idan sun koma shuɗi, ya buɗe ya gani. Saboda haka ɗan agogon nan ne kaɗai matsalar da ke hannunku.

Abu na farko shi ne data. Ku danna *323# ku kira, za a nuna muku abin da ya rage. Tun 2023 lambar nan ɗaya ce a duk layukan Najeriya, da MTN da Airtel da Glo. In ta ƙare, *312# ake dannawa a saya.

In akwai data, sai ku ɗaga ido zuwa saman wayar, kusa da sandunan sabis. Akwai ƙaramin harafi a wurin, kuma ina so kowa ya iya karanta shi. Harafin E na nufin sabis mai rauni: rubutu zai wuce, hoto kuwa sai ya yi ta juyi. H ya fi shi, 4G ya fi su duka. Dalili shi ne nauyi. Saƙon rubutu bai kai komai ba, amma hoto ɗaya na iya kai megabayit uku ko huɗu. Bakin kogi kwari ne, ga itatuwa, sabis ba ya sauka da kyau. Baba a cikin kwale-kwale yake dannawa, E ce a wayarsa. Da ya hau tudu kusa da titi, harafin ya canza. In kun hau tudun bai canza ba, ku taɓa alamar jirgin sama ta wayar, wadda ke kashe sabis, ku ƙirga goma, ku sake taɓa ta. Wayar za ta nemi sabis sabo.

Wani lokaci kuma wayar ce ta cika maƙil. Ku goge tsofaffin bidiyo, su ne masu cin wuri. Ku duba kwanan wata ma, domin in ya karkace WhatsApp kan ƙi aiki har sai an gyara.

Wajen tura hoto a WhatsApp akwai zaɓi mai haruffa HD da aka ƙara a 2023. Yana fitar da hoto tangaran, amma ya fi nauyi. A inda sabis ke da rauni ku bar shi, sai kun shigo gari.

Hoton da ya isa amma ba a gane komai a ciki, asarar data ce, kuma wannan yana damuna ƙwarai, don na san yadda ake wahalar kuɗin nan. Ku goge idon kyamara da busasshen gefen riga, domin hannun masunci ba ya rabuwa da ruwa. Ku juya wa rana baya, saboda ƙyallin ruwa na kashe hoto. Sannan ku ɗora filafili ko tafin hannu kusa da tsagar, masassaƙi ya gane tsawonta.

Aikin aji: kowa ya rubuta E, H da 4G a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi harafin da ke saman wayarsa yanzu. Daga nan ku ɗauki hoton allo, ku tura wa juna, ku faɗa mini alamar da kuka gani a ƙasansa.