Yadda Za Ka Gane Ko Littafin Gyaran Mota Na Kamfani Ya Cancanci Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji a Birnin Kebbi ko Jega yana kallon yadda ake ɗaure notunan kan inji da ƙarfin dantse kawai, ya san cewa gyara da yawa da kintace ake yinsa. Littafin gyara na kamfani an yi shi ne domin kawar da wannan kintacen. Ya bambanta da ɗan littafin da ke aljihun gaban mota, domin kundi ne da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta wa makanikansa, kuma a cikinsa akwai tsarin kwance kowane sashe da mayar da shi, da taswirar wayoyin lantarki, da ma'aunin ƙarfin ɗaure kowane noti.

Ka fara duba irin aikin da kake yi da hannunka. Idan iyakarka juyen baƙin mai, canza fulogi da kakkaɓe matatar iska lokacin hunturu, ba ka buƙatarsa. Littafin mai mota ya ishe ka, ko na Haynes, kamfanin da ke buga littattafan gyaran mota, wanda ya fi sauƙin bi saboda hotunansa.

Amma idan kana da niyyar buɗe kan inji, ko taɓa giya, ko bin diddigin matsalar wayarin, a ganina littafin ya zama dole. Ɗauki Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006 mai inji 2AZ-FE, wanda jikinsa na alminiyam ne kuma an san shi da lalacewar zaren notunan kai: ana ɗaure su ne bi da bi, mataki-mataki, a kan ma'auni, kuma wanda ya ɗaure da ka yana iya jawo wa kansa sayen wani injin. Haka nan motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'urar gano matsala, sai dai na'urar lamba kawai take bayarwa. Idan ta nuna P0171, ma'ana iska ta rinjayi fetur, littafin ne zai jera maka abin da za ka gwada da farko, maimakon ka yi ta sayen kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗi guda shi ne ka mallaki sifana mai auna ƙarfin ɗauri, domin sanin cewa notin tayar Corolla yana son 103 N·m (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ba zai amfane ka ba idan ba ka da abin aunawa.

Abin da ya fi jawo asara shi ne sayen littafin da bai dace da motar ba. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun shigo ta Kwatano ko Legas daga Amurka ko Turai, kuma suna ɗaya ba ya nufin inji ɗaya. Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008 galibi tana da inji 1ZZ-FE mai lita 1.8, alhali takwararta ta Turai galibi 1.4 ce ko 1.6. Duba lambar shasi mai alamomi 17. A motar Amurka alama ta 10 ita ce ke nuna shekarar ƙira. Sannan ka karanta lambar da aka buga a jikin injin kansa, tunda sau da yawa an riga an canza shi kafin motar ta zo hannunka.

Game da kuɗi, ba lallai ne ka sayi kundin gaba ɗaya ba. Toyota tana da shafin intanet mai suna TIS, mai ɗauke da littattafan gyaran motocin Arewacin Amurka, inda ake biyan dala don shiga na 'yan kwanaki, sai ka buga shafukan da aikinka ya shafa a shagon kwamfuta. Ka yi hattara da kwafin da ke yawo a waya, domin wani lokaci akwai shafukan da suka ɓace. Da Turancin makanikai aka rubuta shi, saboda haka idan karatun zai yi maka nauyi, ka zauna da bakanikenka ku bi shafin tare kafin a ɗora sifana a kan noti na farko.