Fentin kabad ɗin kicin ya ƙi barin danƙo: inda aka fi yin kuskure

An shafa fenti, kwana uku sun wuce, amma ka taɓa ƙofar kabad sai yatsa ya manne, idan ka buɗe ta kuma ka ji ta yi ɓas kamar ana ɓare takarda. Kafin ka ɗora wa kamfanin fenti laifi, ka san cewa bushewa daban, yin ƙwari daban. Fentin ruwa yakan bushe a sama cikin awa 1 zuwa 2, amma sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin ya yi tauri har ciki. Fentin mai yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin a iya taɓa shi, domin shi da iskar da ke ratsa shi yake sandarewa. Saboda haka wani danƙon ba ciwo ba ne, gaggawa ce kawai.

Babban mai laifi shi ne maiƙo. Duk kabad ɗin da ya shekara kusa da murhu yana da shimfiɗar mai da tururi ya kai masa, ko da ido bai gani ba, musamman a wajen mariƙi da ƙofofin da ke saman wuta. Fentin da ya hau kan maiƙo ba ya kama katako, kuma man yakan shige shi ya hana shi tauri. Mutane da yawa sukan ɗauka samfefa za ta cire shi. Ina! Sai dai ta ƙara cusa shi cikin katakon. A fara wankewa da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka ko maganin cire maiƙo, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai, sannan a goga samfefa mai lamba 180 ko 220. Man goge katako mai sa sheƙi ma haka yake yi, shi ma sai an cire shi. Alamar wannan matsala ita ce danƙon ba ko'ina yake ba, ya fi yawa inda hannu da tururi suke kaiwa.

Sai laftawa. Mai son gama aiki a shafi ɗaya yakan cika buroshi, saman fentin ya yi fata, na ƙasa ya rasa iska ya zauna da laushi. Haka ma idan aka yi shafi na biyu tun na farko bai shirya ba. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma lokacin jira da aka rubuta a jikin gwangwani ba ado ba ne. A fentin mai, yawanci sai washegari.

Yanayin ɗakin ma yana da nasa. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na Salshiyas yana hana fentin ruwa haɗewa yadda ya kamata, laima mai yawa kuma tana hana ruwan cikinsa fita. Tafasa tukunya a ƙarƙashin sabon fenti, ko mayar da ƙofofi a rufe su a rana ta biyu, duk jawo wa kai ne.

Akwai kuma zaɓen fentin da bai dace ba. Fentin bango an yi shi ne da ɗan laushi, bai iya jure buɗewa da rufewa ba, shi ya sa ƙofa take mannewa da jikin kabad. Abin da ake so shi ne mai tauri da aka yi don katako da ƙofofi. Idan za a shafa na ruwa a kan tsohon fentin mai, sai an goge shi da samfefa an sa firama mai kamawa, wato shafin farko da ake yi kafin fenti don ya kama. Gane tsohon ba wuya: jiƙa auduga da sifirit ka goga, idan launi ya biyo ta, na ruwa ne. Ni dai ba na yarda da gwangwanin da ya daɗe a ajiye, ko wanda ba a juya shi sosai ba, balle wanda aka tsinka da abin da kamfanin bai ce a tsinka da shi ba.

To, idan aikin gama ya riga ya gama fa? Kwance ƙofofin ka shimfiɗa su inda iska ke wucewa, ka kunna fanka, ka ba su mako biyu zuwa wata guda. Bayan haka danna farce a wani lungu da ba a gani. Idan bai bar shaida ba, fentin ya kama hanya. A manna ƴan ƙananan robobi a kusurwar ƙofa don kada fenti ya riƙa haɗuwa da fenti. Hoda takan rage danƙo na ɗan lokaci, amma ba ta gyara komai a ciki.

Idan kuwa wata ya cika farce yana nutsewa, ko fentin yana naɗewa kamar cingam, jira ya ƙare. Kada ka ƙara wani shafi ko banish (shafin sheƙi da ake yi wa katako) a kai, rufe ɗanyen ne kawai za ka yi. Kankare shi har ka iske wuri mai tauri, ka wanke maiƙon, ka goga samfefa, ka sa firama, sannan ka sake shafawa siriri-siriri. Idan kabad ɗin tsoho ne ƙwarai, a gwada fentin ƙasan ko yana da dalma kafin a taɓa shi da samfefa, domin ƙurarsa guba ce, musamman ga yara.