Yadda ake amfani da @inlinable a Swift ba tare da karya manhajojin da suka dogara da laburarenka ba

Idan manhaja ta kira fankshin da ke cikin wani modul daban, kompaila ba ya ganin jikinsa. Sunansa kawai yake gani, da abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa, sai ya rubuta kira ya wuce. Ga ƙaramin fankshin da ake kira sau miliyoyi, wahalar kiran kan fi aikin kansa nauyi. A fankshin janarik, wato wanda ke aiki da nau'in bayanai iri-iri, abin ya fi muni, tunda kompaila ba zai iya ƙera sigar da ta dace da Int ko String ba alhali bai ga jikin ba. Wannan ne ya sa Swift 4.2, a 2018, ya zo da `@inlinable` da `@usableFromInline` ta shawarar SE-0193 da Slava Pestov ya rubuta. `@inlinable` alama ce da ke ba kompaila damar ganin jikin fankshin daga wani modul. Sa alamar ba wuya. Wuyar tana cikin alƙawarin da ke biye da ita.

Mataki na farko, ka tantance yadda laburarenka ke isa hannun mutane. In kod ɗin kake rabawa ta Swift Package Manager, kowa yana sake gina shi tare da manhajarsa, haɗarin kaɗan ne. Shi ya sa SwiftNIO, laburaren sadarwa na Apple, ke zuba `@inlinable` ba ƙaƙƙautawa. In kuwa bainari kake rabawa wanda za a iya sauya shi ba tare da an sake gina manhajar ba, to kai ake yi wa wannan bayani. A Xcode ka mayar da `BUILD_LIBRARY_FOR_DISTRIBUTION` zuwa YES, wanda ke kunna `-enable-library-evolution`. Wannan tsari ya zo da Swift 5.1 a 2019, watanni bayan Swift 5.0 ya tsayar da ABI, wato ƙa'idojin da kod ɗin da aka riga aka gina ke bi wajen kiran juna, a na'urorin Apple.

Na biyu, ka auna. Ka gina a yanayin fitarwa, ka buɗe Instruments, kayan auna aikin manhaja da ke zuwa da Xcode, ka ga ko da gaske kiran da ke tsallaka modul ne ke cin lokaci. Sau da yawa ba shi ba ne, kuma in ba shi ba ne ka tsaya nan.

Na uku, ka sa alamar a ƙaramin fankshin da aikinsa ya zauna daram:

```swift
public struct Jaka<T> {
    @usableFromInline internal var kaya: [T]

    @inlinable public func naFarko() -> T? {
        kaya.first
    }
}
```

Kompaila zai ƙi ginawa in jikin ya taɓa wani abu `private` ko `fileprivate`, ko `internal` da ba shi da `@usableFromInline`. Dalili a fili yake: jikin zai koma zama cikin manhajar wani, dole duk abin da yake kira ya samu daga can. Sai dai ka lura da abin da ya faru da `kaya`. Mai amfani da laburaren ba zai iya rubuta sunansa a kod ɗinsa ba, amma ya riga ya shiga ABI ɗinka. In ka goge shi ko ka sauya nau'insa a siga ta gaba, tsohuwar manhaja za ta neme shi ta rasa. Kuma `@inlinable` izini ne ga kompaila, ba umarni ba. Yana iya cusa jikin a wurin kira, yana iya yin kiran kamar da.

Na huɗu shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Bayan ginawa, ka buɗe fayil ɗin `.swiftinterface`, wanda kompaila ke fitarwa don bayyana abin da laburaren ke nuna wa masu amfani da shi. Za ka tarar da jikin fankshin ɗinka a rubuce ɓaro-ɓaro, kowa na iya karantawa, kuma kowace manhaja da aka gina da shi tana iya ɗauke da kwafinsa. Kamar fom ne da aka riga aka raba wa jama'a: gyara na ofis ba ya gyara na hannunsu.

Ga yadda hakan ke cizo. A ce laburarenka yana da teburin hash, fankshin sakawa `@inlinable` ne, na nema kuwa ba haka ba. A siga ta biyu ka sauya lissafin hash ɗin don ya fi sauri. Tsohuwar manhaja tana saka kaya da tsohon lissafin da ke cikinta, sabon laburare yana nema da sabo. Manhajar ba za ta faɗi ba, babu saƙon kuskure, kayan ne kawai za su ɓace. Irin wannan matsala ta fi faɗuwar manhaja wuyar ganowa nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin ka sa alamar ka tambayi kanka: in tsohon jiki da sabo suka yi aiki tare a kan bayanai ɗaya, za a zauna lafiya? In amsar a'a ce, ka raba fankshin ɗin biyu. Ɓangaren da ke duba sharaɗi mai sauƙi ya zama `@inlinable`, lissafin da kake tsammanin sauyawa ya tafi cikin fankshin `@usableFromInline` wanda jikinsa ke zaune a laburare.

Wata ƙa'ida kuma da za ka ci karo da ita: idan `-enable-library-evolution` na kunne, `init` mai `@inlinable` na `struct` ba zai cika filayensa kai tsaye ba, sai ya kira wani `self.init`, sai fa in an sa wa `struct` ɗin `@frozen`. Kada ka yi gaggawar sa `@frozen` don kawai kuskuren ya tafi. Ma'anarta ka yarda ba za ka ƙara fili, ko ka cire, ko ka sauya jerinsu ba har abada. Ga abu irin wuri mai x da y, babu laifi. Ga `Jaka` da wataƙila gobe za ta buƙaci ƙarin fili, a ganina bai dace ba.

In abin da kake so shi ne sabon fankshin ya yi aiki a tsofaffin tsarin na'ura, `@backDeployed` da ya zo a Swift 5.8 ne kayan aikin, ba `@inlinable` ba.

Mataki na ƙarshe, kafin kowace fitarwa ka ajiye wata ƙaramar manhajar gwaji da aka gina da tsohuwar siga. Ka sauya mata laburaren da sabo ba tare da sake gina ta ba, ka kunna gwaje-gwajenta. Sannan ka kwatanta tsohon `.swiftinterface` da sabo, ka bi duk layin da ya sauya a ƙarƙashin `@inlinable` ko `@usableFromInline` ɗaya bayan ɗaya.