Kafin ka fara biyan masu fili don su bar daji a tsaye

A baki abin ba wuya: gwamnati ta ba mai fili kuɗi duk shekara, shi kuma ya daina sare itatuwa ko ya bar noma a bakin rafi. Rigimar tana wajen doka.

Fara da tantance waye mai filin, don nan ne yawancin shirye-shiryen ke tuntuɓe. Ƙasar Kosta Rika ta yi dokar daji a 1996 ta fara biya a 1997, amma da farko sai mai takardar mallaka ake ba, to ka ga wanda ya gaji gona ba takarda an bar shi a baya, masu manyan filaye suka fi cin moriya. Saboda haka tun kafin lauya ya rubuta komai ka yanke wace shaida za ka karɓa in babu takarda. In filin gado ne magada goma, wa zai sa hannu? In ɗan haya ne ke nomawa shi zai yi asarar amfani amma kuɗin ya faɗa aljihun mai fili, wani lokacin ma korarsa za a yi, kuma masu kiwo da masu ɗiban itace fa sunansu ba ya kan kowace takarda amma su za a hana shiga. A Meziko, inda aka fara a 2003, dazuzzuka da yawa mallakar al'umma ne, sai aka riƙa biyan al'ummar a dunƙule, amma nan ma sai an sa ido kan yadda shugabanni ke rabo.

Sai tushen kuɗi. Kada ka dogara da kasafin shekara. Kosta Rika ta ɗaure nata da harajin man fetur, ita kuwa ƙasar Ekwado ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da mutane tun 2008 tana dogara da kasafin gwamnati, wanda kuɗin mai ke tallafa wa, da farashin mai ya faɗi a 2015 biya ya tsaya na wani lokaci. Gwamnati ta saɓa, wa talaka zai kai ƙara?

A kwantiragin a rubuta ƙarara: shekara nawa ne (a Amurka 10 zuwa 15 ake yi), in an sayar da filin ko mai shi ya rasu sharaɗin zai bi sabon mai shi ko a'a, in gobara ta ci dajin laifin wa, kuma kabon ɗin da itatuwan suka riƙe (sinadarin da suke zuƙa daga iska mai ɗumama duniya, wanda ake biyan kuɗi don an riƙe shi) na waye. Wannan na ƙarshen ƙasashe da yawa dokarsu shiru ta yi.

Kuma a duba filin maƙwabta da hoton tauraron ɗan adam, don mutum kan karɓi kuɗi a nan ya koma can ya ci gaba da sara.