Yadda za ka bi sawun kakanni ta hanyar suna

Mutane suna yawan tambayar wannan. Ga matakan:

1. Je wurin tsohuwar gidanku, tambayi sunan yanka na kowa.
2. Rubuta laƙabi kusa da shi.
3. Ware masu amsa Abba, Baba ko Inna. Yawanci sunan kaka suka ci, sunansu na yanka shi ne na kakan.
4. Duba Tanko: mata ya biyo. Gambo kuwa tagwaye ya biyo, ko da sun rasu.

Hattara: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari saboda kunya. Tambayi gwaggo.

5. Gwada da takardar haihuwa. Suna na biyu na uba ne, kada ka ɗauke shi sunan zuri'a.