Yadda Ake Kafa Sandar Akwatin Wasiƙu a Ƙofar Gida Ba Tare da Haƙa Ko Siminti Ba

A Kumasi ba mu saba ganin ma'aikacin gidan waya yana bin gida-gida ba, domin mai jiran wasiƙa akwati yake kamawa a gidan waya. Amma tun da aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, tsarin adireshin dijital na Ghana, a watan Oktoba na 2017, kowane gida ya samu lambarsa, masu kai saƙo a kan babur kuma suka yawaita. Yau gidan da ke Aboabo ko Asawase yana buƙatar abin da zai nuna lambarsa tun daga bakin hanya, da ɗan akwatin da za a jefa katin ɗaurin aure ko takardar makaranta kada ruwa ya jiƙa su. Matsalar ita ce yawancinmu 'yan haya ne, kuma mai gida ba ya yarda a fasa masa ƙofar gida a zuba siminti. Da wannan dalili na koyi kafa sanda a kan turken ƙarfe, kuma na tabbatar tana daɗewa idan aka kula da ƙasar wurin, aka kuma raba katako da danshi.

Turken ƙarfe ne mai tsini, tsawonsa santimita 60 zuwa 75, da fukafukai huɗu waɗanda suke riƙe ƙasa ta kowane ɓangare, a samansa kuma akwai gurbi mai kusurwa huɗu inda gindin sanda yake zama. Akwai na kanti, akwai kuma mai zare wanda ake murɗawa cikin ƙasa kamar sukuru. Ni na fi son a kai aikin wurin masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, su haɗa ƙarafa biyu masu kusurwa baya da baya, su fere ƙarshen, su ɗora gurbin. Ka roƙi mai waldar ya bar ƙaramin rami a ƙasan gurbin domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Idan babu ramin nan, gurbin ya zama kofi, gindin katako ya kwana cikin ruwa duk damina.

Kafin ka ɗaga guduma, ka binciki abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A unguwanninmu bututun ruwa na roba ba su da zurfi, wasu ma da an share ƙasa kaɗan za a gan su, kuma turke yana huda su cikin bugu ɗaya. Ka dubi inda mitar ruwa take, ka bi layin da bututu zai bi zuwa cikin gida, ka tambayi mai gida ko tsofaffin maƙwabta, sannan ka kauce wa layin sosai. Kada ka matsa bakin kwata, domin ƙasar wurin tana zaizayewa, kada kuma ka ci hanyar jama'a.

Lokacin aikin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato. Jar ƙasar Kumasi tana yin tauri ƙwarai a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma inda akwai marmara sai turke ya lanƙwashe bai shiga ba. A tsakiyar damina kuwa ƙasa tana yin laushi har turken ya shige da sauƙi, mutum ya yi ta murna, alhali babu abin da ya riƙe shi. Lokacin da ya fi shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa, ƙasa tana da danshi amma ba ta zama taɓo ba. Idan dole ne a yi da rani, a zuba bokiti biyu ko uku na ruwa a wurin da yamma, a bari ya kwana.

Ka fara buga siririn rodi a tsakiyar wurin, ka zare shi, domin ya buɗe wa turke hanya, ya kuma sanar da kai ko akwai dutse. Sannan ka tsayar da turken, ka sa guntun katako mai tauri a cikin gurbin, ka riƙa bugun katakon, ba ƙarfen ba. Bayan kowane bugu huɗu ko biyar sai ka dakata, ka auna miƙewarsa ta gaba da ta gefe, ko da ma'aunin magina, ko da igiya mai dutse a ƙarshenta. Gyara yana yiwuwa ne a farkon shiga kawai. A karo na farko ban san haka ba, sai da turken ya kusa nutsewa na lura ya karkata, na yi ta jijjiga shi don ya miƙe. Ya miƙe kuwa, amma na faɗaɗa ramin da hannuna, kuma kafin daminar ta ƙare sandar tana rawa. Sai da na cire shi, na matsa gefe da taku ɗaya, na sake bugawa. Ka daina bugu idan ƙasan gurbin ya rage kamar yatsu biyu ya taɓa ƙasa.

Game da sanda, kada a yarda da katakon itacen da ake kira wawa saboda arharsa, domin gara da ruɓa ba sa jinkiri a kansa. Katakon odum ko na tik sun fi juriya nesa ba kusa ba. A yanke saman a karkace don ruwa ya zame, a shafe gindin da maganin gara, a yi fenti hawa biyu, sannan a zura ta cikin gurbin a ɗaure da noti, ba da ƙusa ba. Dokar da magina suke bi ita ce kashi ɗaya cikin uku na dukkan tsawon ya kasance cikin ƙasa, wato turke mai santimita 60 ya ishi sanda mai kamar santimita 120. A Amurka, inda ake ba da wasiƙa daga cikin mota, hukumar gidan waya ta ƙayyade tsayin akwati tsakanin inci 41 da 45 (kamar santimita 104 zuwa 114) daga ƙasa, kuma wannan tsayin ya dace da mai babur a nan ma. Akwatin ya zama mara nauyi, bakinsa yana da ɗan rufi.

Abin da ya fi kashe irin wannan sanda ba iska ba ne, mutane ne da dabbobi. Yara suna lilo a jikinta, mai jiran mota yana jingina, kuma idan Babbar Sallah ta matso sai ka tarar an ɗaure rago a gindinta, yana fizga dare da rana. Kowace fizga tana sassauta ƙasar da ke riƙe fukafukan, don haka ya kamata a sanar da mutanen gida tun ranar farko. A ƙarshen kowace damina ka girgiza ta a hankali, idan ka ji motsi ka zuba tsakuwa a gefen turken ka daddanne, ka ƙara ɗaure notin, ka kankare tsatsa ka shafa jan fenti. 'Yan uwanmu na Akra, musamman na kusa da teku, su nemi ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa, domin iska mai gishiri tana cin ƙarfe da sauri.

Akwai wuraren da ban ba da shawarar a yi wannan ba: ƙasa mai yashi, wurin da aka cike da shara, da kwarin da ruwa yake kwanciya, kamar gidajen da ke gaɓar rafin Aboabo. A can, ko inda aka riga aka daɓe ƙofar gida da siminti, a samu tsohuwar tayar mota, a sa wa sandar faffaɗan gindi na ƙarfe, a cika tayar da duwatsu da tsakuwa, ko kuma a liƙa akwatin a bango idan mai gida ya yarda. Ranar tashi daga gidan kuwa, sai a jiƙa ƙasa, a zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin gurbin, a danna shi a kan bulo, turken ya fito, a cike ɗan ramin da ƙasa.